Yatsu Uku, Sunaye Tara

Surukina ya koma ga Mai shi ranar Laraba da hantsi, yana zaune a kan 'yar kujerarsa ta katako, butar gahawarsa tana kan garwashi ko tafasa ba ta yi ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Can muka nufa dukkanmu, shi dai ya riga mu ne.

Muka jera kujeru a lungunmu na unguwar Nuzla, nan Jidda, kamar yadda ake yi, maza a waje, mata a cikin gida. Mutanenmu suna zuwa suna miƙa hannu suna cewa Allah ya jiƙan Baba Habashi, mutum ne mai shiru, ba ruwansa da kowa. Ina amsawa da amin, a raina ina cewa lallai ba ku san shi ba. Ni da nake ɗauke da tabon taɓaryarsa a girata ta hagu na san iyakar shirun nan.

Can sai ga matan Habasha sun iso, lulluɓe da fararen mayafansu. Suna tsallaka ƙofa suka ɓarke da wani irin kuka da ban taɓa ji ba, suna dukan ƙirji da hannu biyu, har daga waje kana jin sautin kamar ana bugun wanki. Matata, wadda tun safe ta daure ko hawaye ba ta yi ba, ta shige tsakiyarsu ta yakushe kumatunta har jini. Yayana ya tashi a fusace ya je yana bubbuga ƙofa yana cewa, “Haram ne wannan, ku yi wa mamaci addu'a, halas, ya isa.” Wata tsohuwa ta leƙo ta hankaɗe shi da ƙofar, saura kaɗan ya zauna a cikin tiren dabino. Ni kam rabin raina yana tare da tsohuwar.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo lungun yana dogara sanda. Bahabashe ne, dogo, busasshe, da kayan aikin sito a jikinsa, irin na masu dako a unguwar Khumra. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a tsakiyar kujeru ya tofa yawu a ƙasa, ya ɗaga sandar ya sauke ta a kan tiren kofuna, fasassun kofuna suka watsu har ƙarƙashin ƙafar liman. Da Larabci ya yi magana don kowa ya ji.

“Wa kuke wa kuka? A ƙasarmu irin wannan ko kare ba ya bin gawarsa. Yau ba ni da numfashi. Ranar uku zan dawo, in gaya muku abin da ya yi, ku san wanda kuka sallata.”

Samari suka yi kansa. Wani ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya murɗe masa hannu ta baya. Ni na shiga tsakani na ɓamɓare su, har na sha gwiwar hannu a haƙarƙari. Dattijon ya gyara rigarsa ya fice yana ɗingishi. Jama'a suka ce taɓin hankali ne, Allah ya ba shi lafiya. Matata ta kira ni bakin ƙofa, fuskarta duk jini, ta ce, “Abban yara, kada ka bari ya ɓata sunan Baba a gaban mutane.”

Na ce to. Amma na san abin da dattijon zai faɗa, kuma na san gaskiya ce. Kwana biyu ne a hannuna in san abin yi da sunan surukina.

Bari in koma baya in faɗi waye shi, don wanda bai san shi ba.

Daga ƙasar Wollo ya fito, a tsaunukan Habasha. Ya ratso Yaman da ƙafa, ya iso Jidda tun ban iya tafiya ba, ya auri Bahaushiya 'yar Nuzla, wadda ta haifa masa 'ya ɗaya ta rasu ta bar su. 'Yar ita ce matata. A bakin marigayiyar ya koyi Hausa, shi ya sa Hausarsa ta mata ce, ga rantse-rantse ga “ni 'yasu”, a cakuɗe da Larabci. Aikinsa gadin wani gidan haya a unguwar Aziziyya, har ƙarfinsa ya ƙare.

Mutum ne mai alfahari da ƙasarsa har ya ba ka haushi. In muka tsokane shi muka ce Habashi ba iƙama, wato takardar izinin zama, sai ya ɗaga haɓa ya ce, “Mu muka ba sahabbai masauki tun kafin a san hanyar Madina. Wa ya tambaye su iƙama?” In aka yi zancen Turawa sai ya ce su Bature ya shigo musu da igwa, suka raka shi da masu har bakin teku. Shekarar ƙasarsu wata goma sha uku ce, kuma bai taɓa yarda cewa tamu ce daidai ba. Gahawa kuwa sai ya soya 'ya'yanta da kansa, ya zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ya daka, ya dafa a baƙar butar ƙasa mai dogon wuya. Zagaye uku ake sha. In ka tashi a na biyu, ka ja wa kanka gaba ta mako guda.

Yatsu uku na hannunsa na hagu a karkace suke kamar saiwar citta. In an tambaye shi sai ya ce jaki ne ya taka shi.

Rikicinmu na farko a kan loma ne. Sati biyu da ɗaurin aure ya kira ni cin abinci. Ni ɗan Hausa, an haife ni a Jidda amma an yi mini tarbiyyar Kano, ina zan iya tauna a gaban suruki? Na zauna a gefe na sunkuyar da kai. Sai kawai na ga ya yago wainarsu mai tsami, ya naɗe nama da miya a ciki, ya nufo bakina da ita da hannunsa. Na kau da kai kamar an nufo ni da wuta. Ya tsaya da lomar a sama, miya tana ɗiga a gwiwar hannunsa, sannan ya ajiye ta ya tashi ya bar ɗakin. Daga baya matata ta gaya mini cewa a wurinsu ba a ba mutum loma a baki sai wanda aka ɗauka ɗan gida, kuma ƙin karɓa zagi ne. Ni ina ganin ladabi na yi, shi yana ganin na ce hannunsa ƙazami ne. Haka muka fara.

Sai kuma gogen. Su masinƙo suke ce masa. Akwati ne ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu, an rufe shi da fatar akuya, da doguwar mariƙa da tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki. Ni dai da na gan shi rataye a bango na ce goge ne, kuma kowa ya san abin da goge yake nufi a wurinmu: bori da gidajen da mutumin kirki ba ya shiga. Yayana ya samu abin yi. Duk inda muka haɗu sai ya ce, “Ina surukin mai goge? Yaushe za a hau?” Ina dariya a fuska, amma abin yana ci mini rai.

Sau ɗaya tak a shekara yake sauko da shi. Akwai wata safiya da yake lissafawa da watannin ƙasarsu. Ranar ba ya karyawa, sai ya rufe ƙofa, ya goga lubban a jikin bakan, ya yi ta ja yana rera wani abu da harshensu. Kuma gaskiya ba daɗi. Da karkatattun yatsun nan sautin yana fita ne kamar ana jan ƙarfe a kan siminti.

Wata shekara, lokacin takardunsa sun mutu kafilinsa, ubangidan da ke tsaya masa wajen hukuma, ya yi tafiya, unguwa kuma a tsorace take saboda kame, kowa yana kaffa-kaffa da abin da zai jawo ido, na biya da safe in ɗauki matata da 'yarmu da suka kwana a wurinsa. Tun daga bakin lungu nake jin kukan abin. Maƙwabta biyu suna tsaye suna kallona. Ɗaya ya ce, “Ka ja wa surukinka kunne, kada ya jawo mana.” Na hau matakala jinina yana tafasa. Na tura ƙofa na tarar da shi a zaune idonsa a rufe, 'yata a gabansa tana maimaita abin da yake rerawa.

Ban yi sallama ba. Na fizge masinƙon daga tsakanin gwiwoyinsa na maka shi da kusurwar bango. Fatar ta yage. Na sake makawa, mariƙar ta karye biyu. Na jefar a ƙasa na bi da ƙafa na tattake, ina cewa ba za a koya wa 'yata bori ba. Ban ga tashinsa ba. Ƙaramar taɓaryar ƙarfen da yake daka gahawa da ita kawai na ji a girata, wuta ta gilma mini a ido, na faɗi a kan gwiwa jini yana zuba a kan tabarma. Ya sake ɗaga ta. Na ga tsoho ɗan shekara sittin da wani abu yana shirin fasa mini kai, kuma wallahi da ya sauke da ban yi rai ba. Matata ta rungume hannunsa tana kiran “Baba, Baba”. Ya saki taɓaryar. Ya durƙusa yana tsince guntayen katakon ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a cikin rigarsa, bai ko kalle ni ba.

Ɗinki biyar aka yi mini. Shekara huɗu ba mu yi magana ba. In mun haɗu a masallaci ya bi ta wannan ƙofa, in bi ta waccan. Ban ba shi haƙuri ba, don a ganina ni aka fasa wa kai. Girman kai ne, yau na faɗa da bakina.

A cikin shekarun nan sau uku yana dawowa gida a farfashe. Sau ɗaya leɓe a tsage, sau ɗaya haƙori biyu babu, sau ɗaya ƙeya a kumbure rigarsa ta rine. Kullum amsarsa ɗaya ce ga 'yarsa: matakala ce. Na ce mata matakalar nan lallai tana da hannu. Ta ce in ba zan je in tambaye shi ba in yi mata shiru.

Walda nake yi a wata warsha, wato garejin aikin ƙarfe, a Khumra. Wata ranar Asabar da azahar tukunyar gas ta yi bindiga a kusa da ni. Na tuna ƙarar, na tuna rufin kwano yana tashi sama, na tuna na kalli hannuwana na ga fatar tana zamewa kamar safar hannu. Abokin aikina da ke tsugune a jikin tukunyar ba a same shi a dunƙule ba. Ni aka sallame ni daga asibiti da hannu biyu a naɗe har gwiwa, ko ƙuda ba na iya korewa. Matata tana aikin wanke-wanke a wata makaranta, ba ta dawowa sai la'asar.

Rana ta biyu da azahar na ji an turo ƙofa. Shi ne, da kwano a ƙulle a ƙyalle. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya wanke hannu, ya zauna a gabana, ya yago wainar, ya naɗe, ya nufo bakina. Na kalli lomar, na kalli tsohon. Na buɗe baki. Yajin ya ƙona mini harshe, hawaye suka zubo, na bar shi a kan yajin ne. Ya ce, “Tauna, ya waladi, ɗana, ba guba ba ce.” Wata biyu cur bai fasa zuwa ba ko rana ɗaya. Shi ke ba ni abinci, shi ke yi mini alwala, har abin da ɗa ba ya so ubansa ya yi masa ya yi mini.

Ranar da aka kwance bandejin na ga yatsuna a ƙanƙance, na fashe da kuka kamar yaro, ina cewa na gama aiki. Sai ya ɗora hannunsa na hagu a kan gwiwata ya ce, “Kalli nan. Ba jaki ba ne.”

A ranar ya ba ni labari, da Hausarsa ta mata da Larabcinsa, yana kallon bango.

Ya ce shi azmari ne, ɗan azmari, wato mawaƙin masinƙo. A ƙasarsu ba a yin biki sai da su, Musulmi da Kirista duk su ke musu kiɗa. Kuma akwai ƙa'ida. In azmari yana wasa, duk wanda ke wurin yana iya jefo masa baiti, shi kuma dole ya ɗauka ya rera da ƙarfi yadda aka ba shi, ko yabo ne ko zambo. Azmari bakin jama'a ne. Wanda ya ƙi maimaita abin da aka jefo masa ya zubar da sana'ar ubansa.

Zamanin mulkin soja ne, ga yunwa. A wani bikin aure a ƙauyensu yana cikin wasa sai ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya jefo masa baiti daga kan benci: hatsin da muka noma yana rumbun mai bindiga, 'ya'yanmu suna kiwo da baki kamar awaki. Ya ce ya san abin da zai biyo baya, amma ido ya yi masa yawa. Ya ɗauka ya rera. Mata suka yi guɗa, mutanen bencin suka ce a sake. Ya sake.

Da safe sojoji suka zo suka ɗauke shi. Suka shimfiɗa hannunsa a kan dutsen niƙa, suka ce wa ya jefo baitin. Ya ce shi ya ƙaga. Suka sauke gindin bindiga a kan ƙaramin yatsa. Ya ce shi ne. Suka sauke a na biyu. Ya ce ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Da suka fasa na uku, suka ɗora bindigar a kan na huɗu, sai ya ji bakinsa yana faɗin sunan ƙanensa.

Ba ƙanen kaɗai suka ɗauka ba. Duk wanda ya zauna a bencin nan suka tattaro, mutum tara. Ranar kasuwa suka jera su a jikin katangar masu sayar da gishiri. Suka kawo shi, suka danƙa masa masinƙonsa, suka ce tunda ya iya maimaitawa ya yi musu kiɗa. Ya ja baka da hannun dama, yana danna tsirkiya da yatsun da suka zama nama, ana harbin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanensa ne na ƙarshe, kuma yana kallonsa. Aka bar gawarwakin a rana har yamma, aka hana kowa kuka.

“Hannuna ya warke,” ya ce. “Naka ma zai warke. Abin da bakina ya yi ne ba ya warkewa.”

Abin da yake rerawa a wannan safiya ta kowace shekara ba waƙa ba ce. Sunayen mutum taran ne, kowa da sunan ubansa da sana'arsa: masaƙi, mai jakai biyu, ladanin ƙauye, ɗan limamin coci, har zuwa kan ƙanensa. In ya gama sai ya rufe da cewa, wanda ya nuna su yana nan da rai. Masinƙon da na tattake shi ne wanda ya riƙe a kasuwar. A bayansa ya goyo shi ya ratso Yaman. Tun ranar da na fasa shi bai sake kiran sunayen ba, don a cewarsa masinƙon ne yake amsa masa, kuma azmari ba ya rera wa bango.

Ban san lokacin da na zame daga kan katifa na kifa fuskata a kan ƙafarsa ba. Ya daki ƙeyata da tafin hannu, ba da wasa ba, ya ce, “Tashi, ni 'yasu, ƙato da kai.”

Na tambaye shi batun matakalar nan da ke farfasa shi. Ya ce akwai ɗan ɗaya daga cikin taran a Khumra, yana dako a wani sito. Yana saurayi ya tsaya a kasuwar ya ga ana harbin ubansa, ya ga azmari yana kiɗa. Sau uku Baba yana zuwa wurinsa da ƙafarsa don ya nemi gafara, sau uku mutumin yana tarbarsa da abin da ke hannunsa kafin ya buɗe baki. Na ce ya nuna mini shi in karya shi. Ya ce, “In ka taɓa shi ban yafe maka ba. Haƙƙinsa ne.”

Da hannuna ya dawo na yi ƙoƙarin haɗa masa wani masinƙon. Mai walda da aikin katako, sai a hankali. Ya ja sau ɗaya ya ce ko akuyar da aka feɗe don fatar ta fi wannan murya, ya ajiye. Ya ce, “Ba katako nake nema ba. Mai amsawa nake nema.” Da safiyar ta zagayo ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya ce yau shi ne mai jefowa, ni ne azmari. Yana faɗin suna ina maimaitawa. Harshensu yana da wasu haruffa da ke fashewa a maƙogwaro, bakina ya ƙi su. In na karkace sai ya buge mini gwiwa da bakan ya ce sake. Shekara bakwai muna haka, ni da ko gaisuwa ban iya da harshen ba, har sunayen suka zauna mini kamar Fatiha.

To, wannan shi ne mutumin da aka ce mai shiru ne. Kuma ga ranar uku ta zo.

Yayana ya tara samari huɗu a bakin lungu, ɗaya har da guntun bututun ƙarfe a cikin riga. Ya ce mini, “In ya zo mu za mu ji da shi, kai ka zauna ka karɓi gaisuwa.” Na ce, “Yaya, duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne.” Ya kalle ni kamar na zare. A gaskiya ni ma ban gama sanin abin da zan yi ba. In na bari ya yi magana, sunan Baba ya mutu a Nuzla, 'ya'yana su zama jikokin maci amana. In na toshe masa baki, na yi wa Baba abin da ya hana ni da bakinsa.

Bayan la'asar ya iso. Kujeru a cike, har da mutanen Habasha da suka ji labari suka zo ganin yadda za ta kaya. Ya tsaya inda ya tsaya ranar farko ya buɗe baki. Na riga shi. Na miƙe na ce da Larabci, da ƙarfi, “Jama'a, abin da wannan bawan Allah ya zo faɗa gaskiya ne. Surukina ya nuna ƙanensa ga sojoji, aka kashe mutum tara, kuma yana kiɗa ana harbin su. Sai da aka fasa masa yatsu uku ya faɗa, amma ya faɗa. Shi ya gaya mini da bakinsa.”

Daga cikin gida na ji matata ta yi wata 'yar ƙara. Dattijon ya ce, “Kai waye da za ka ƙwace mini magana?” Ya ɗaga sandar ya zabga mini a kafaɗa, na ji har cikin haƙorina. Samari suka taso, na ɗaga musu hannu. Ya sake zabgawa, wannan karon a kunne, jini ya biyo wuyana. Ban matsa ba. Na rufe ido kamar yadda Baba yake yi, na ɗauko sunan farko.

Ba masinƙo, ba murya, Bahaushe mai walda yana rera harshen da bai sani ba. Masaƙi, ɗan wane. Mai jakai biyu, ɗan wane. Na ji kujerun mutanen Habasha suna motsi. A na uku wata murya daga cikin mata ta amsa. Sanda ba ta sake sauka ba. Da na zo na shida, mai haƙar rijiya, sunan da kullum nake shan bugu a kansa, bakina ya sake karkacewa.

“Ba haka ba ne.”

Na buɗe ido. Dattijon ne, sandar tana ƙasa.

“Ba haka ake faɗin sunan ubana ba. Saurara.”

Ya faɗa, a hankali, harafin ya fashe a maƙogwaronsa. An jefo mini, sai na ɗauka na maimaita. Ya ce sake. Na sake. Sai ya zauna a kan kujerar da ke bayansa. Ya ce, “Wa ya koya maka?” Na ce mamacin. Ya ce, “Tun yaushe yake kiran su?” Na ce tun ranar kasuwar, kowace shekara, sai shekara huɗu da ni na hana shi, kuma alhakin waɗannan a wuyana yake. Ya rufe fuskarsa da hular aikinsa. Ya ce shekara arba'in ke nan bai ji sunan ubansa a bakin wani ba, har ya fara tunanin shi kaɗai ya san an taɓa yin mutumin.

Na ci gaba. Na bakwai, na takwas, na tara ƙanen Baba. Sai na tsaya, don abin da ke biye shi ne wanda ya nuna su yana nan da rai, kuma yanzu ba ya nan. Na tsaya da baki a buɗe, jini yana ɗiga a kan farar rigata, ban san da me zan rufe ba.

Dattijon ya sauke hular. Idonsa jawur. Ya ce, “Ban yafe ba. Ka ji ni da kyau, ya waladi, ban yafe ba, wannan tsakaninsa da Allah ne.” Sannan ya ɗaga murya ya jefo mini baiti da harshensu, na ji sunan surukina a ciki da sunan ubansa, da kalmar azmari. Na waiwaya wajen ƙofa. Matata tana tsaye a bayan labule, ta ce mini da Hausa, “Cewa ya yi na goma, mai masinƙo.”

Na ɗauka na rera da ƙarfi, yadda aka ba ni.

Bai tsaya addu'a ba. Ya ɗauki sandarsa zai tafi, matata ta aiko da gahawa a baƙar butar Baba. Ya sha zagaye na farko a tsaye, ya sha na biyu, ya ajiye kofin ya juya. Har ya kai bakin lungu sai ya tsaya, ya dawo yana ɗingishi, ya ɗauki kofin ya miƙo aka zuba masa na uku.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da yatsu uku karkatattu da abin da bakinsa ya faɗa. Kai ka ga dutsen niƙan, mu labari muka ji. Ka yi masa da sauƙi, shi da taran da suka riga shi. Safiyar tana zagayowa nan da wata biyar a lissafinsu. 'Yata ta ce ita za ta riƙa jefowa, ni in amsa, kuma sunayen yanzu goma ne.